Baƙon dare ɗaya da mai masauki: sake kallon fim ɗin «Moi, un noir»

Gabatarwa

Ƙasarmu ba ta da teku. Daga Agye ko Gazawa ko Gidan Rumji, duk ta inda mutum ya bi da mota, sai ya ci fiye da kilomita 1000 kafin ya ga ruwan gishiri. Saboda haka idan aka ce za a yi magana a kan baƙon da jirgin ruwa ya sauke da maraice, ya fita neman inda ƴan gari suke hira da rawa, asuba ta yi ya koma jirginsa, mai karatu yana iya cewa wannan zancen mutanen Kwatano ne da Abijan da Dakar. To amma Bahaushe da kalma ɗaya yake kiran inda jirgin ruwa ke tsayawa da inda babbar mota ke kwana, wato tasha. Duk wanda kuma ya taɓa kwana a bakin babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Gidan Rumji, ta bi ta Maraɗi da Cadawa da Agye da Gazawa ta nufi Tasawa da Damagaram, ya san cewa mu ma muna da baƙin dare ɗaya, muna kuma da masu raya musu daren.

Abin da ya jawo wannan sharhi shi ne wani zaman kallo da muka yi da ƴan'uwa malamai a Gazawa, inda aka haska mana fim ɗin Jean Rouch mai suna «Moi, un noir», wato «Ni, baƙar fata», wanda ya fito a 1958. Da aka kunna fitila, wata malama ta yi tambayar da ta hana mu watsewa da wuri. Ta ce: «Na ga ƴan ci-rani, na ga Bature ma'aikacin jirgi, na ji muryar mai fim. To ina masu garin?» Tun daga ranar nake juya wannan tambaya, kuma a ganina ita ce mabuɗin fim ɗin. Ra'ayin da zan kare a nan shi ne cewa daren gari ba ya buɗe wa baƙo sai ta hannun mai masauki. Inda Rouch ya sami mai masauki, fim ɗinsa ya faɗi gaskiyar da har yau ba ta tsufa ba. Inda kuwa bai samu ba, ya tsaya a bakin ƙofa yana leƙe kamar kowane ɗan yawon buɗe ido.

Yadda aka yi fim ɗin

Jean Rouch ya daɗe da Nijar. An haife shi a 1917, ya zo ƙasar nan a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, daga baya ya koma binciken al'adu da ɗaukar fim, ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni ranar 18 ga Fabrairu 2004, aka binne shi a Yamai. A shekarun 1950 ya duƙufa wajen bin sawun ƴan Nijar masu gangarawa gaɓar teku ci-rani, zuwa Ankara da Kumasi da Abijan. A lokacin Abijan tana tashe. A 1950 aka buɗe mashigar Biridi wadda ta haɗa tafkin birnin da teku, a 1951 aka ƙaddamar da tashar jiragen ruwa, sai ga manyan jirage suna shigowa har cikin gari suna lodin kofi da koko da katako. Kowane buhu kuwa sai da kafaɗar da za ta ɗauke shi. Samari suka yi ta kwarara daga arewa, suka cika unguwar Tireshbil.

A cikinsu akwai Umaru Ganda, wanda aka haifa a Yamai a 1935. Ya shiga sojan Faransa yana ɗan shekara 16, aka kai shi yaƙin Indoshin, ya dawo gida bai sami aiki ba, ya gangara Abijan yana dako a tasha. A can Rouch ya gamu da shi, ya nemi shi da abokansa su taka rayuwarsu ta yau da kullum a gaban kyamara. Kowannensu ya zo da laƙabin da ya aro daga sinima: Ganda shi ne Edward G. Robinson, abokinsa Eddie Constantine, direban tasi Tarzan, yarinyar da ake rububi kuma Dorothy Lamour.

Kyamarar da aka yi aikin da ita ƴar ƙarama ce ta hannu, ana murɗa ta kamar agogo, tana aiki ƙasa da rabin minti ta tsaya, kuma ba ta ɗaukar murya. Don haka hotuna kawai aka ɗauka. Bayan an harhaɗa su, sai aka zaunar da Ganda yana kallon kansa a allo yana magana yadda ta zo masa: ya yi wa kansa kirari, ya yi ƙorafi, ya zolayi abokai, ya yi mafarki da ƙarfi. Wannan murya ita ce ran fim ɗin. Ya ci kyautar Louis Delluc a Faransa a 1958, kuma samarin masu fim na can, irin su Jean-Luc Godard, sun yaba shi sun kuma koyi da salonsa.

Labarin kansa gajere ne, kimanin minti 70, an raba shi bisa kwanakin mako. Ranakun aiki Robinson yana neman lodi, yana ci da ƙyar. Asabar a je bakin teku, a kalli dambe, a shiga gidan rawa. Lahadi masallata da masu zuwa coci kowa ya nufi wurin ibadarsa, da yamma a yi gasar rawar gumbe. A daren ƙarshen mako wani Bature ɗan Italiya, ma'aikacin jirgi, ya tafi da Dorothy Lamour. Robinson ya bi mashaya ɗaya bayan ɗaya har aka kore shi. Wayewar garin Litinin ya buga ƙofarta, Baturen ya buɗe, suka kaure da faɗa cikin taɓo, Robinson ya sha kashi. Eddie Constantine kuma aka ɗaure shi saboda ya yi faɗa da ɗan sanda. A ƙarshe Robinson yana tafe a bakin tafki da wani ƙaramin aboki, yana ba shi labarin yaƙin Indoshin.

Baƙi iri uku

Masu iya magana sun ce baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Mu da muke zaune a kwarin Gulbin Kaba mun san abin da ake nufi: raɓa ta kwana a kan ganye, hantsi ya ɗauke ta, kaba kuwa ko an sare ta sai ta sake tofowa. Abin mamaki a wannan fim shi ne kusan kowa raɓa ne, sai dai wata raɓar ta fi wata nauyin aljihu.

Baƙo na farko shi ne Robinson. Shi baƙo ne mai zama, ya san kowane lungu, ya san farashin kwanon shinkafa da na kwalba, ya san gidan rawar da ake barin mai tsohuwar riga ya shiga. Dare a wurinsa abu ne da ake saye da gumin kwana shida. Idan muka saurari muryarsa da kyau za mu ji rabin maganarsa lissafi ne: abin da ya samu, abin da ya rage, abin da mai mota da mai gida suke da shi wanda shi ba shi da shi. Laƙabin da ya aro daga Amurka riga ce da yake sawa don ya iya shiga daren ba tare da kunyar aljihunsa ba.

Baƙo na biyu shi ne ɗan Italiya. Fim ɗin bai gaya mana tarihinsa ba, kuma ba ya bukata, domin shi kansa bai nemi tarihin kowa ba. Ya sauko daga jirgin da irin su Robinson suke yi wa lodi, da kuɗin da a wurinsa na shan iska ne, a wurin ɗan dako kuwa ladan kwanaki ne. Bai zalunci kowa da gangan ba, ya dai biya ya samu. Amma biyan nasa ya sauya farashin daren ga duk wanda ke zaune a cikinsa. A nan ne fim ɗin ya riga zamaninsa. Yau jiragen ƴan yawon shaƙatawa sun zama garuruwa masu tafiya: wanda ake kira Icon of the Seas, da ya fara aiki a 2024, yana iya ɗaukar fasinja 7600. Idan irin wannan jirgi ya kwana a tasha, dubban mutane suke fita a sa'a ɗaya, kowa yana tambayar inda ƴan gari na asali suke hira. Da zarar sun gano wurin da yawansu, sai kujera ta yi tsada, makaɗi ya sauya kiɗa zuwa abin da baƙo yake tafa wa, ƴan garin su koma wani lungu. Birnin Benis na Italiya ya kai ga hana manyan jirage ratsa tsakiyarsa a 2021. Faɗan cikin taɓo da Rouch ya ɗauka tun kafin ƴancin kai, ƙaramin hoto ne na wannan rikici.

Baƙo na uku shi ne Rouch da kansa, kuma a kansa ne hukuncin mai sharhi ya kamata ya tsaya. Shi ma Bature ne, shi ma ya shigo Tireshbil yana neman darenta. Abin da ya raba shi da ma'aikacin jirgi shi ne ya shigo a bayan wani, ya kuma yarda wannan wanin ya yi magana.

Abin da zango ya sani

Kafin a aro kalmar tasha daga Ingilishi, muna da zango. Fataken da suka yi ta kai da kawowa tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja suna sayo goro, kowane dare sai sun yada zango a bayan wani gari. Madugu ba ya sakin mutanensa su fantsama cikin garin da ba su sani ba. Akwai sarkin zango, akwai fatoma ko mai masauki wanda yake karɓar baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya kuma tsaya masa idan magana ta taso. Unguwannin Hausawa na Kumasi da Ankara har yau zango ake ce musu, kuma Abner Cohen ya nuna a littafinsa na 1969 a kan unguwar Sabo ta Ibadan yadda cinikin shanu da goro gaba ɗaya ya rataya a wuyan waɗannan masu masauki.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne cewa hira ma ta hannun mai masauki take bi. Idan ana kalangu a dandali, shi zai aika yaro ya raka baƙo, a gaya wa sarkin samari cewa wannan baƙon wane ne. Baƙo ya zauna inda aka nuna masa, ya yi wa makaɗa kari daidai ƙarfinsa, maroƙi ya ambaci sunansa da na garinsu da na mai masaukinsa. Idan ya yi abin kunya, ba a bin sa, ana zuwa wurin wanda ya sauke shi. Ta haka baƙo yake ganin daren gari na gaskiya, garin kuma yake da wanda zai riƙe idan an yi ɓarna. Ba na cewa zamanin zango zamanin waliyyai ne, domin ayarin da ya ɗauki goro ya ɗauki bayi, kuma kowane zango yana da gidan magajiya. Abin da nake cewa shi ne akwai igiya tsakanin mai wucewa da mai zama. Ɗan Italiyan fim ɗinmu ba shi da wannan igiya, kuɗi ne kawai mai masaukinsa, kuɗi kuma ba ya amsa ƙara.

Da wannan ma'auni, Ganda shi ne fatoman Rouch. Shi ya shigar da shi ɗakin haya da gidan abinci da filin gumbe, shi ya fassara masa abin da ido ke gani. Duk inda muryar Ganda ta hau kan hoto, mai kallo yana jin yana cikin gida. Dubi ƙarshen fim ɗin, inda yake tafe yana kwaikwayon harbi da faɗuwa, yana tuna abokan da suka mutu a Indoshin, yana auna abin da ya samu bayan duk wannan. Babu wani mai bincike da zai iya rubuta wa tsohon soja waɗannan kalmomi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Inda fim ɗin ya tsaya a bakin ƙofa

Rauni na farko shi ne wanda malamar nan ta hango. Dorothy Lamour ita ce tsakiyar rikicin, amma ba a ba ta abin da aka ba Robinson ba. Ba mu san wanda take ciyarwa ba, ba mu ji lissafinta ba, alhali kuwa ita ma tana da lissafi, kuma shi ya sa ta zaɓi wanda ta zaɓa a daren. Muna ganinta ne da idon masu sonta da masu sayenta. A ɓangaren mata Rouch bai sami mai masauki ba, kuma bai nuna ya damu da rashin ba. A wannan wuri kyamararsa da idon ma'aikacin jirgi abu ɗaya suke kallo.

Rauni na biyu shi ne rabon lokaci. Kwanakin aiki sun fi yawa a rayuwar ɗan dako, amma a fim ɗin Asabar da Lahadi sun cinye kaso mafi tsoka, domin rawa da dambe da fitilun mashaya sun fi daɗin ɗauka. Wanda ya kalli fim ɗin a Faris zai iya fita da tunanin cewa ɗan ci-rani mutum ne mai neman shagali wanda aiki yake katse wa hanzari. Iyayenmu da suka yi ci-rani a Abijan ko Ikko ko Kano sun san akasin haka: yawancinsu sun kwana a shago ko a rumfar wani, suna ƙulle kuɗi a lalita saboda haraji da sadaki da buhun hatsi.

Rauni na uku shi ne muryar Rouch da take buɗe fim ɗin, take kuma dawowa a farkon kowane kashi tana gaya mana yadda za mu fahimci abin da ke tafe. Ya ba Ganda magana, amma shi ya riƙe almakashi. Usman Sembene na Senegal ya faɗa masa a wata tattaunawa a 1965 cewa irinsu suna kallon ƴan Afirka kamar yadda ake nazarin ƙwari. A ganina wannan zargi ya yi wa «Moi, un noir» tsauri, domin ƙwaro ba ya ba da labarin kansa. Amma akwai gaskiya a gindinsa: baƙo ne ya yanke abin da za a gani da abin da za a zubar.

Amsar Umaru Ganda

Amsa mafi kyau ga fim ita ce wani fim. Ganda ya koma Yamai, ya koyi aikin, ya fito da «Cabascabo», wanda aka nuna a bukin fina-finai na Kan a Faransa a 1969. Labarin tsohon soja ne da ya dawo daga Indoshin da kuɗin sallama. Abokai suka kewaye shi, mata da maroƙa suka yi masa caa, ya yi ta ɓari a mashaya har aljihu ya bushe, kowa ya watse, ya koma neman aikin ƙarfi. Abin lura shi ne a nan Ganda ya ɗora ɗan gida a kujerar ɗan Italiya. Cabascabo ya dawo garinsu ne da halin baƙon dare ɗaya, yana sayen hira da kuɗi, garin kuma ya karɓi kuɗin ya mayar masa da abin da ake mayar wa baƙo. Wannan fahimta ce da sai wanda ya zauna a kujerun biyu zai kai gare ta. Daga baya fim ɗinsa «Le Wazzou polygame» ya ci babbar kyautar bukin FESPACO na Wagadugu a 1972, karo na farko da aka ba da ita. Ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981, kuma gidan raya al'adu na Yamai yana ɗauke da sunansa. Bai kamata a nuna wa ɗalibai fim ɗin Rouch ba tare da an biyo shi da na Ganda ba.

Daren tashoshinmu

Mu dawo gida. Yankinmu ya daɗe yana ciyar da tashoshin teku ba tare da ya gan su ba. A zamanin gyaɗa, buhunan Maraɗi ta Kano suke bi su hau jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga baya wasu suka riƙa bi ta Kwatano. Yau aya da wake da riɗi ake lodi a kasuwanninmu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, manyan motoci suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, kuma mai shayin bakin hanya ya ji wannan canji a cinikinsa kafin a rubuta shi a kowane rahoto.

Wanda ya kwana a ɗaya daga cikin tashoshin nan ya san tsarin darenta. Bayan isha mai shayi ya jera burodi da ƙwai, mai tsire ya gyara wuta, mai tuwo ta kawo tukunyar ƙarshe. Direba ya shimfiɗa tabarma a gindin motarsa, yaran mota su nufi gidan kallo inda ake haska ƙwallon Turai ko fim ɗin Kano ko na Indiya mai fassara. Ƴan dako da suka wuni suna ɗora buhunan aya suna zaune a ƙarshen benci suna lissafin ko kuɗin yau zai kai ga shayi mai madara. Samarin fada, irin waɗanda Adeline Masquelier ta rubuta littafi a kansu a 2019, suna gefe da butarsu a kan gawayi, kuma da yawansu suna amsa sunan wani ɗan ƙwallo ko jarumin fim. Wanda ya ga wannan ya ga Robinson da Eddie Constantine, an dai sauya musu laƙabi.

Wannan dare ya sha sauyi a idonmu. Dandalin gaɗa da kalangu da iyayenmu suka sani, wanda samariya ta mayar da shi aikin hukuma a zamanin Seyni Kunce, ya ja baya. A watan Nuwamba 2000, lokacin zanga-zangar ƙin bukin nuna tufafi na FIMA, an farma mashaya da gidajen mata masu zaman kansu a Maraɗi, kuma Barbara Cooper ta yi nazarin abin da ya faru. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan waɗannan gidaje, ya kamata ya lura da wanda hukunci ya faɗa wa: matan da ke zaune ne, masu wucewar da suke kawo kuɗin kuwa gari ya waye musu a wani gari. A yammacinmu kuma, hare-haren ƴan bindiga a kan iyaka sun koro dubban mutane daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa gundumar Gidan Rumji a 2019, kuma a ƙauyukan da abin ya shafa hirar dare ita ce ta fara mutuwa. Can an ga ma'anar karin maganar da ke cewa dare rigar mugu, bayan an daɗe ana zaune a kan ɗaya karin, dare mahutar bawa. A can ne kuma aka ga cewa al'adar saukar baƙo ba ta mutu ba, domin gidajen talakawa ne suka fara karɓar masu gudun kafin kowace ƙungiya ta iso.

Duk wannan, wa ya rubuta shi da Hausa daga ciki? Abin da ake da shi a rubuce game da daren tashoshinmu yawanci rahoton masu yaƙi da cuta ne ko na jami'an tsaro, ko kuma ƴan layukan matafiyin da ya kwana ɗaya ya wuce. Kowannensu ya ga wani abu na gaskiya, amma dukansu baƙi ne marasa mai masauki.

Kammalawa

Shawarata ga ƙungiyoyinmu na raya al'adu da ƴan'uwa malamai guda uku ce. Ta farko, a nemi fina-finan nan biyu a nuna su a jere ga manyan ɗalibai, a kuma bar su su yi gardama a kan tambayar malamar Gazawa kafin malami ya faɗi nasa. Ta biyu, a ari dabarar da ƙarancin kayan aiki ya tilasta wa Rouch, wadda yau wayar hannu ta sauƙaƙa: a ɗauki hoton daren tasha da izinin masu ita, sannan a zaunar da sarkin tasha ko ɗan kamasho ko ɗan dako ya kalli kansa ya yi bayani da bakinsa, kuma a ba shi damar cewa a cire abin da bai yarda da shi ba. A nan wajibi ne a gyara kuskuren Rouch, wato malamai mata su ɗauki mai tuwo da mai fura da duk macen da dare ya zama mata wurin neman abinci, domin akwai maganar da ba za a faɗa wa namiji ba. Ta uku, idan muka yi baƙi a makon al'adu, mu rage jera musu kujeru a gaban dandamali ana yi musu rawar da aka shirya dominsu. A haɗa kowane baƙo da mutum ɗaya na gari wanda zai kai shi inda shi kansa yake hira, ya gabatar da shi da sunansa, ya kuma dawo da shi masauki.

«Moi, un noir» ya haura shekara 65, kuma har yanzu ya cancanci kallo saboda wani ɗan dako daga Yamai ya sami damar yin magana a cikinsa na tsawon sa'a guda. A tsakanin Gidan Rumji da Gazawa akwai ɗaruruwan irinsa da suke kwana a gindin mota kowane dare, kuma da yawansu tsofaffin ɗalibanmu ne, mun san sunayensu da na iyayensu. Samun mai masauki a wurinsu ba zai yi mana wuya ba, in dai mun je mun yi sallama.